Minsharin Ladan Alu

A Filinge, in ka ce Alu Baƙo, sai an tambaye ka wane Alu. In ka ce Ladan Alu, rabin mutane za su gane. In kuwa ka ce Alu mai minshari, har matan da ke shigo da nono daga rugagen Kurfai za su fara murmushi tun ba ka rufe baki ba.

Abin ya faru ne da bazara, wata ranar kasuwa. Rana ta take, ƙasa ta yi zafin da jaki ma ke lafewa jikin katanga. Alu ya bar kekensa na ɗinki a rumfa, ya tako a hankali zuwa masallacin unguwarsu, ya yi alwala, ya kunna lasifika, ya kira azahar. Kira mai kyau, irin nasa, wanda ke tashi siriri ya sauka da nauyi. Da ya gama sai ya zauna, ya jingina da bango don gwiwarsa ta ɗan huta kafin mutane su taru. Abin maganar yana hannunsa, bisa ƙirji. Bai kashe ba.

Da farko mutanen kasuwa sun ɗauka batirin sola ne ke ja da baya. Wani gurnani ya fito daga saman masallaci, ya ja, ya tsaya, ya sake ja, ya ƙare da ɗan fito kamar butar shayi ta tafasa. Mai awon gero ya tsaya da tiya a hannu. Wata mai fura ta ce raƙumi ne. Umar mahauci, ɗan kawun Alu kuma taubashinsa, wanda suka tashi ɗaki ɗaya tun suna yara, shi ya fara ganewa. Ya aje wuƙa, ya ɗaga yatsa sama.

"Ku yi shiru," in ji shi. "Wanga ba raƙumi ba na. Na san muryar ga tun muna kwana tabarma guda. Bawana na!"

Mutane suka ɗunguma. Masu shago suka ja ƙofa, 'yan tireda suka rufe kaya da buhu, har waɗanda rabonsu da jam'in azahar an kwana biyu suka zo ganin ido. Liman ya iso, ya tsuguna, ya zare abin daga hannun Alu a hankali kamar mai cire ƙaya, ya kashe. Shirun ne ya tashe shi. Ya buɗe ido ya ga masallaci cike har bakin ƙofa, kowa na kallonsa, kowa na danne baki. Ya yi ta lissafi a ransa ko Juma'a ce. Da ya kasa ganewa, sai ya miƙe ya ta da iƙama. Aka yi salla. An ce a sahu na baya kafaɗu sun yi ta rawa har aka sallame.

Dariyar ta zaga gari, ta bi motocin kasuwa ta kai Balayara. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba, Ruƙayya matar Alu. Ita ta san abin da ya kwantar da mijinta a bangon nan.

Ladanci gado ne a gidansu. Baƙo, mahaifin Alu, shi ke kiran salla a masallacin tun babu lasifika, tun ana hawa matakalar ƙasa a toshe kunne a ƙwala. Sau ɗaya a rayuwarsa barci ya sace shi, rana ta fito unguwa ba ta ji kiran asuba ba, ya kuwa yi ta ba da labarin wannan abin kunya har ya koma ga Allah. Don kada a maimaita, ya ƙirƙiro wa kansa dabara, ya koya wa ɗansa. Ladan, in ji shi, ba ya miƙewa a gado kamar sauran mutane. Bayan lisha ya cika ƙwarya da ruwa ya shanye, don mara ta yi ta tashinsa. Ya ɓare goro ya sa a kunci. Ya zauna a zaure ya jingina da bango, ya naɗe ƙafa, yadda barcin ba zai taɓa yin nauyi ba. In ya farka ya leƙa sama ya dubi taurari, ya koma ya jingina.

Haka Alu ya karɓa, haka ya riƙe, tun gemunsa na baƙi har ya yi furfura. Agogo ya shigo gidan, bai canza kome ba. Habsa, 'yarsa da ke aure a Yamai, ta aiko masa da waya mai ƙararrawa, ta saita masa lokaci da hannunta. Ya yi godiya, ya ƙara wa kansa aiki, don yanzu sai ya riƙa farkawa yana duba ko wayar ba ta yi barci ba. In aka idar da asuba kuma babu komawa. Da damina gona ce, gero ba ya jiran mai gyangyaɗi. Da rani keken ɗinki ne, in salla ta gabato kuwa sai kaya su tsaya masa a wuya. Barcinsa ya zama kamar ƙyallayen da ke zuba ƙarƙashin kekensa, guntu nan, guntu can, ba wanda zai isa ko aljihu.

Shi bai ɗauki wannan wahala ba. Yana ma jin daɗi a ransa cewa duk unguwar nan, daga Liman har jariri, suna iya sakin jiki su yi barci don shi bai saki nasa ba.

Ciwon ya shigo ne ba sallama, tun kafin ranar minsharin da nisa. Da safe yatsunsa suka fara sandarewa, hannu biyu lokaci ɗaya, kamar an ɗaure su da tsirkiya. Sai hantsi ya ɗaga su saki. Buta ta yi masa nauyi. Zare ya ƙi shiga allura. Wuyan hannu ya kumbura ya yi zafi, gwiwoyi suka bi sahu. Ga wata gajiya da ba ta gona ba ce, ba ta keke ba, wadda ke zaune cikin ƙashi tun kafin ya taɓa aikin kome. Mura kuwa in ta shigo gari, gidansa take fara sauka, shi ne kuma na ƙarshen da take yi wa ban kwana.

Kowa ya ce sanyi ne. Wanzami ya kafa masa ƙaho. Wata tsohuwa mai kawo musu nono ta kawo man shanu ta ce a riƙa murzawa. An jiƙa sassaƙe, an dafa saiwa, ya sha har harshensa ya manta ɗanɗanon tuwo. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin gari, ya ba shi ƙwayoyi, ciwon ya lafa, ƙwayoyi suka ƙare, ciwon ya dawo da 'yan rakiya. Abin da ya fi damun Alu bai faɗa wa kowa ba. In ya tsaya kiran salla, hannunsa ba ya kai wa kunne sai da ƙyar. Ya koma ɗaga guda ɗaya, wai ɗayan yana riƙe da abin magana.

Da yammacin ranar minshari Ruƙayya ta aje masa tuwo, ta zauna nesa kaɗan.

"Malam, gari duka ya ji abin da ni kaɗai nika ji. Na kira Habsa."

"Don mutum ya yi gyangyaɗi sai a kira Yamai?"

"Mutum bai yi gyangyaɗi ba. Mutum ya faɗi na, Allah ya sa akwai bango."

Alu ya koma kan tuwonsa. Yana ta fama da loma, yatsun sun ƙi haɗuwa.

Ya kama hanyar Yamai da safe, don hanyar ba ta biyuwa da yamma yanzu saboda rashin tsaro. Tun kafin Bonkuku Alu ya ɗora kai a kafaɗar wani dillalin awaki da bai taɓa gani ba, bai farka ba sai da mota ta tsaya a Balayara. Dillalin ya ce ba kome, shi ma yana da uba, sai dai ya ji kamar ya san sautin nan daga wani wuri.

A Yamai Habsa ta kai shi wani asibiti. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannuwa, aka ce su dawo. Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar Habsa ba. Ta kama yatsunsa ɗaya bayan ɗaya tana matsawa, yana cije baki don kada ya yi ƙara gaban ɗiyar cikinsa.

"Baba, yaya barcinka?"

"A dunƙule ko a guntu-guntu?"

Ta aje alƙalami. Habsa ta kwashe labarin ƙwarya da goro da bangon zaure ta faɗa mata kaf, Alu na harararta. Likitar ba ta yi dariya ba, shi ya sa ya fara jin tsoro.

"Baba, wannan ba sanyi ba ne," in ji ta. "Kowane jiki yana da masu gadinsa a cikin jini, su ke korar cuta. Naka sun ruɗe. Sun daina bambance ɓarawo da mai gida, sun juya suna dukan gaɓoɓinka. Ba mu san duk abin da ke sa su haka ba, kuma ban ce rashin barci kaɗai ya kawo maka shi ba. Amma lokacin da mutum ya yi barci mai nauyi, a jere, lokacin ne jiki ke kwantar da su, ya gyara ɓarnar yini, kumburi ya sauka. Kai ka hana su wannan tun ban zo duniya ba. Suna fushi, suna dukan gida, in ɓarawon gaske ya zo kuma, irin mura, ba su da ƙarfin tare shi."

"To a ba ni maganin da za shi sa su hankali."

"Zan ba ka, kuma za ka daɗe kana sha. Ciwon nan ba ya tafiya gaba ɗaya, amma yana kwantawa. Sai dai in ina zuba magani kana zubar da barci, wahala za mu yi ta sha ni da kai. Wata rana hannun nan ba zai kai kunne ba ko kaɗan, ƙafar ma ba za ta tsaya ba."

Alu ya dubi Habsa. Ita ba ta san zancen kunne ba. Ya mai da ido ƙasa.

"Asuba fa, ɗiyata?"

"Ka tashi ka yi sallarka, Baba, wa zai hana ka? Amma ka kwanta a gado, ka saki jiki. Wani ya tashe ka."

Wani ya tashe shi. Tun daga Yamai har Filinge maganar ke yi masa yawo a kai. A wannan karon bai runtsa ba a mota. Da ya isa gida ya gaya wa Ruƙayya cewa likita ta ce ya riƙa shan magani, ya ɗan rage shayi. Ruƙayya ta ce to, Allah ya ba da lafiya, ba ta nuna masa cewa Habsa ta riga shi isowa ta waya ba. Da lisha ya nemi ƙwaryarsa ya rasa. Ya sha da moɗa. Washegari moɗar ma ta yi tafiya. Ya sha da buta. Ta ɗauke tabarmar zaure, ya jingina a ƙasa. Haka suka yi ta yi, ba wanda ya ɗaga murya, tsofaffi biyu suna ɓoye wa juna kwanoni kamar yara.

Ƙofar masallaci ce ta raba gardamar. Wata asuba bayan girbi ya isa da makulli a hannu, ya zura shi cikin kwaɗo, yatsu suka ƙi murɗawa. Ya gwada da hagu. Ya haɗa tafin hannu biyu ya matse, makullin ya suɓuce ya faɗi cikin rairayi. Ya sunkuya zai ɗauka, gwiwa ta ce ba da ita ba. Gabas ta fara fari. Ya tsaya nan riƙe da ƙofa, yana jin abin da Baƙo ya yi ta ba da labari yana tahowa gare shi, shi kuma ido biyu.

Sai ga Yakubu, mai gadin rumfunan kasuwa, wani dogon mutum mai 'ya'ya da jikoki, ya taso daga aiki da tocilarsa. Ya ɗauki makullin ya buɗe, ya kunna lasifika, ya miƙo abin magana. Alu ya kai hannu, hannun ya tsaya a rabin hanya. Numfashinsa ma bai daidaita ba.

"Yakubu," in ji shi, "kira."

"Ni, Malam? Da muryar ga tawa?"

"Lokaci na wucewa. Kira."

Yakubu ya kira. Kalmomin daidai suke, ba a rasa ko ɗaya ba, amma muryar kamar ana jan kwanon rufi bisa tsakuwa. Karnukan bayan kasuwa suka amsa. Alu ya zauna a dokin ƙofa yana jiran unguwa ta fito a firgice tana tambayar me ya sami ladan. Unguwa ta fito yadda ta saba, tsofaffin nan dai da ya sani, da butocinsu da tarinsu. Suka gaishe shi, suka shiga. Aka yi salla, ba abin da ya ragu. Wannan ya fi yatsun yi masa ciwo.

Da hantsi ya tafi gidan Liman, ya zauna a zaure, ya daɗe yana gaisuwa. Ya tambayi iyali, ya tambayi gero, ya tambayi rumbu. Liman ya bar shi ya gama kewaye-kewayensa.

"Allah shi gafarta Malam, na zo in aje asuba."

"Ka aje ta ina?"

"Hannun Yakubu. Shi dama ba shi barci sai rana ta hito, aikinshi ke nan. In anka ba shi, ba a hana ma kowa kome ba." Ya dafa aljihun da makulli yake. "Sai dai ban san abin da za ni ce ma Baƙo ba."

"Malam Alu," in ji Liman a hankali, "Baƙo ya kira tashi, ya gama. Kai ma ka kira taka har ta ci maka hannu. Ka riƙe sauran huɗu, muna son muryarka. In ka ƙi sakin guda, duka biyar za su kuɓuce maka, sannan mu sha Yakubu safe da yamma. Ka ji tausayinmu."

Alu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya zaro makullin daga aljihu, ya aje bisa buzun Liman.

Sai aka shiga koya wa dattijo barci, abin da jinjiri ke iyawa ba malami. Ruƙayya ce malamar, ba ta kuwa da sassauci. Shayi ya tsaya daga la'asar. Goro ba ya wuce magariba. Wayar Habsa ta koma ƙarƙashin matashinta ita. Ɗinkin dare an soke shi, mai son rigar salla ya kawo da wuri ko ya nemi wani tela. Bayan lisha ta nuna masa gado.

"In Yakubu ya makara hwa?"

"In ya makara ni tashe ka. In na makara zakara shi tashe mu. In zakara ya makara, Malam, Allah ya san ba da gangan munka yi ba. Kwanta."

Ya kwanta kamar wanda aka shimfiɗa a kan ƙaya. Bayansa bai san katifa ba, ya yi ta neman bango. An daɗe yana farkawa a lokutansa na da, ya zuba wa rufi ido, yana jiran Yakubu ya yi kuskure. Da safe ya tashi da gajiyar da ta fi ta jiya, ya ce wa Ruƙayya ga shi nan, barcin ma ciwo ne. Ta ce a ci gaba.

Ba a san ranar da abin ya juya ba. Wata asuba dai ya ji ana jan kwano bisa tsakuwa daga can nesa, kamar daga ƙasan rijiya, ya yi ta hawowa har ya gane Yakubu ne, kuma kiran ya kusa ƙarewa. An tashe shi. Kunya ta rufe shi, ya yi wuf zai miƙe, ya kai hannu ya ɗauki buta. Sai da ya kai bakin ƙofa ya lura da hannu ɗaya ya ɗauke ta.

Shi ya ce maganin likita ne. Ruƙayya ta ce gado ne. Da suka koma Yamai aka sake duba jini, likitar ta ce su daina gardama, abu biyun ne, kuma kada ya kuskura ya saki ko ɗaya. Ciwon bai tafi ba. Yatsa biyu sun riga sun karkace, ba za su miƙe ba. In ya yi ganganci ya biye wa masu rigar salla, ko wata damuwa ta hana shi runtsawa, gwiwoyi kan aiko masa da saƙo tun da safe. Yana tafiya a hankali, yana ɗinki kaɗan, gonar ma rabi yake nomawa. Amma da azahar, in ya tsaya gaban lasifika, hannu biyu na kai wa kunne. In ya gama kuma yakan kashe abin, ya duba, ya sake dubawa.

Har yanzu in Yakubu ya ja wani wuri ba daidai ba, Alu kan yi tsaki daga kan gado. Wani lokaci kuma ba ya jin farkon kiran sam, sai Ruƙayya ta taɓa ƙafarsa. Ya daina jin kunyar wannan, ko dai ya gaji da jin ta.

Sunan ne bai bar shi ba, don Umar bai yarda ya mutu ba. Ran nan Alu ya biya ta rumfar mahauta sayen ɗan nama, ana cike, har da baƙi daga Imanan. Umar ya hango shi, ya kafa wuƙa a kututture, ya toshe kunnuwa da yatsu kamar mai shirin kira, ya ja wani minshari da ya sa kare ya bar ƙarƙashin tebur.

"Jama'a ku ba da hanya, ga ladanin da ya kira salla da hanci! Bawana, an ce yanzu likita ta rubuta maka barci kamar magani. Yaushe za ka sake sa muna shi ga lasifika? Mun yi kewa."

Aka fashe da dariya. Alu ya jira ta lafa. Ya zaɓi tsokarsa da karkataccen yatsa, ya tura wa Umar, ya yi hamma doguwa ba tare da ya rufe baki da wuri ba.

"Umaru, tun ina saurayi nika kiranka da murya mai daɗi, ban taɓa ganin ƙeyarka ga sahun azahar ba. Ran da niy yi minshari, kai ka riga Liman zuwa. Yanke min nan, ka rage ƙashi, in tahi in kwanta."